Daga Ƙanƙarar Maita Zuwa Kaneki: Tarihin Yunwar da Ba a Zaɓa Ba

Idan aka ce wa matashin Panshekara ya taƙaita labarin Tokyo Ghoul ga wanda bai taɓa kallonsa ba, da wuya ya wuce jimla ɗaya: wani yaro ne aka ɗura wa maita. Da jin haka, ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya ba ta gane inda aka dosa. Wannan abin lura ne. Labari ne da aka zana a Japan, mutanensa na shan gahawa suna hawa jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, amma harshenmu yana da kalmar da ta ɗauke shi gaba ɗaya tun kafin a haifi marubucinsa. Abin da muke son bi a wannan rubutu shi ne tarihin wannan haɗuwa: inda mutumin da ke jin yunwar ɗan'uwansa mutum ya samo asali a labaran duniya, yadda Bahaushe ya san shi, da abin da Kaneki ya zo mana da shi wanda tatsuniyoyinmu ba su faɗa ba.

Wane ne Kaneki?

Sui Ishida ne ya ƙirƙiri labarin. Ya fara fitowa a matsayin labarin zane a mujallar Weekly Young Jump a watan Satumba na 2011, ya ƙare a 2014 cikin littattafai 14. Ci gabansa mai suna Tokyo Ghoul:re ya ɗauka daga 2014 zuwa 2018 cikin littattafai 16. Kamfanin Pierrot ya mayar da shi anime a watan Yuli na 2014, zangon farko mai kashi 12, kuma ta nan ne akasarinmu muka san shi.

A birnin Tokyo na labarin, akwai wasu halittu da ake kira gul. Kamarsu ɗaya da mutane, suna zuwa makaranta suna zuwa aiki, sai dai cikinsu ba ya karɓar kowane abinci in ba naman mutum ba. Ken Kaneki ɗalibin adabi ne a jami'a, mai kunya, mai son littafi. Ya haɗu da wata kyakkyawa mai suna Rize, ashe gul ce, ta ja shi lungu don ta cinye shi. Tana cikin farautarsa sai ƙarafan wani gini suka rikito mata. Aka kwashe su zuwa asibiti, likita ya ɗauki wasu kayan cikinta ya dasa wa Kaneki. Sunan likitan Kanou, abin da ya sa masu kallo a nan suka daɗe suna zolayar juna cewa ɗan gari ne ya yi aikin.

Kaneki ya farka ya tarar duk abincin da ya sani ya koma masa abin ƙyama. Yana tafiya a titi, ƙamshin jikin mutane na tsinka masa yawu, yana kuka yana toshe bakinsa. Har amininsa Hide ya kusa afka wa. Wani dattijon gul mai suna Yoshimura ya ɗauke shi aiki a shagon gahawa na Anteiku, inda ake ciyar da gul marasa son kisa da gawar waɗanda suka hallaka kansu. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hukumar CCG, jami'an da aikinsu shi ne farautar gul, babba da yaro. Tsakanin waɗannan duniyoyi biyu Kaneki ya maƙale, bai cika mutum ba, bai yarda ya zama dodo ba.

Doguwar tafiyar kalmar gul

Kalmar ba ta Japan ba ce, ba ta Turawa ba ce. Ta Larabawa ce. Tun zamanin jahiliyya suna ba da labarin gul, wata halittar sahara mai rikiɗa, wadda ke fitowa matafiyi da siffar mace ta karkatar da shi daga hanya ta hallaka shi. Maganar ta yi ƙarfi har ta shigo hadisi: a Sahihu Muslim akwai ruwayar Jabir da ta kore gul tare da camfi, malamai kuma suka yi bayani, wasu suka ce samuwarta aka kore, wasu suka ce ikon da ake ba ta na ɓatar da mutane aka kore.

Daga sahara ta shiga littafi. Antoine Galland ya fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci tsakanin 1704 da 1717. A ciki akwai labarin Sidi Numan, wanda ya lura amaryarsa ba ta cin shinkafa sai ƙwaya-ƙwaya. Ya bi sawunta da dare, ya same ta a maƙabarta tare da gul suna cin gawa. Mai kallon Tokyo Ghoul zai tuna yadda gul ke tura abincin mutane a baki don kada a gane su, su koma bayan gida su amayar. Dabarar ɓuya ɗaya ce, shekara ɗari uku ne kawai a tsakani. Turanci ya karɓi kalmar ta hanyar littafin Vathek na William Beckford a 1786, daga nan ta bi finafinan ban tsoro har ta isa hannun Ishida.

Japan ma ba baƙuwa ba ce ga wannan halitta. A addinin Buddha akwai fatalwowin yunwa da suke kira gaki, akwai zanensu tun ƙarni na 12, wuya siriri, ciki ƙato. Lafcadio Hearn ya rubuta labarin jikininki, wato mai cin gawa, a littafinsa Kwaidan na 1904. Wani malamin addini ne da kwaɗayi ya rinjaya a rayuwarsa, aka hukunta shi da cin gawa bayan mutuwarsa. Abin da ya bambanta shi da gul ɗin Larabawa shi ne kunya. Ya san abin da yake yi, yana ƙyamar kansa, yana roƙon a yi masa addu'a ya huta. Za mu iya cewa Kaneki ya gaji suna daga Larabawa, ya gaji kunya daga gida.

Abin da Bahaushe ya riga ya sani

Mu kuma namu kason kashi biyu ne. Akwai Dodo na tatsuniya, wanda Frank Edgar ya tattara labaransa cikin littattafan tatsuniyoyi uku da ya buga tsakanin 1911 da 1913, A. J. N. Tremearne ma ya kawo su a nasa littafin na 1913. Dodo yana cin mutane, wani lokaci ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya auri budurwar da ta raina samarin garinsu. Amma Dodo ɗan daji ne. Ba shi da gida a unguwa, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza. Ba ya damuwa da abin da yake yi, mu ma ba ma damuwa idan an kashe shi.

Maye shi ne na cikin gida. A yadda aka yi imani, maye mutum ne kamar kowa, maƙwabci ko kishiya ko kaka, wanda ke ɗauke da ƙanƙarar maita a cikinsa. Da ita yake ganin kurwar mutum ya kama ta, ya mayar da ita kaza ko ƙadangare, ya ɓoye a kogon bishiya ko ƙarƙashin murhu. Mai kurwar ya kwanta ciwo yana ramewa, in ba a yi sa'a ba a yanka kurwar ya mutu. Don haka ake rataya wa yara tazargade da tafarnuwa, ake koya musu su ce kurwata kur. Idan mara lafiya ya kama sunan wani cikin zafin ciwo, sai a nemo wanda aka ambata a tilasta masa ya tsallake majinyacin don ya saki kurwar, sau da yawa bayan an tuɓe shi a gaban jama'a. Har sarauta aka yi wa abin, akwai Sarkin Mayu da ake kai wa irin wannan ƙara.

Wurin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ake samun ƙanƙarar. Pamela Schmoll, wadda ta yi bincike tsakanin Hausawan ƙasar Maraɗi ta buga a 1993, ta rubuta abin da kowa a nan ya taɓa ji daga bakin manya: ana gadon maita daga iyaye, ana sha a nono, ana kuma iya saye. Akwai ma mai cewa ana iya ɗura wa yaro a cikin abinci bai sani ba. Wato tunaninmu ya daɗe da yarda cewa mutum zai iya wayar gari da wannan yunwa ba tare da ya nema ba. Jariri bai zaɓi nonon da zai sha ba. Kaneki bai zaɓi abin da likita ya dasa masa ba. Wani abu ne na zahiri da ke zaune a ciki, ya shigo daga jikin wani, ya canza abin da mai shi ke kwaɗayi. Wannan ne ya sa taƙaitawar matashin Panshekara ta yi daidai ƙwarai.

Sai dai duk da mun yarda ana iya gadonta, ba mu taɓa zama mun ba da labarin daga bakin wanda ya gada ba. Karin maganarmu ya nuna ɓangaren da muka tsaya: in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Kullum muna tare da uwar ɗa, kuma da gaskiyarmu. Amma daren da yaron da aka ce ya sha a nono ya fara jin ana nuna gidansu da baki, ranar da aka fasa auren yayarsa saboda an ce danginsu ba su da kyau, wannan labarin ba shi cikin tatsuniya.

Yunwar gaske da hukuncinta

Tambayar abin da yunwa ke halatta wa mutum ba wasan yara ba ce a ƙasar nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma suka ba ta fili, haraji kuma ya koma na kuɗi. A 1913 damina ta ƙi. Yunwar da ta biyo baya har cikin 1914, wadda ake tunawa da sunan Kakalaba, ta kashe dubban mutane a lardin Kano da ƙasashen da ke arewa da shi. Mutane sun tona gidan tururuwa neman hatsi, sun ci ganyayen da ba a saba ci ba, wasu sun rabu da 'ya'yansu. Fari na farkon shekarun 1970 ma har yanzu akwai masu tuna shi da idonsu.

Malamanmu ba su jira irin wannan rana ta zo kafin su yi tunaninta ba. Alƙur'ani ya yi rangwame ga wanda lalura ta matsa ya ci mushe, ba don marmari ba, ba kuma da wuce iyaka ba. Littafin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14 kuma ake karanta shi a zaurukan Kano har yau, ya kawo wannan rangwame sannan ya cire naman ɗan Adam daga ciki. Mashhurin ra'ayin Malikiyya ke nan: ko gawa ce, alfarmar mutum ba ta faɗuwa. Shafi'iyya kuwa sun ba da dama ga wanda mutuwa ta tunkaro kuma bai sami komai ba sai gawar.

Duk wanda ya san wannan saɓani zai kalli shagon Anteiku da wani ido. Abin da Yoshimura ya tsara, a ci wanda ya riga ya mutu don kada a kashe mai rai, a ci gwargwadon abin da zai riƙe rai, mas'ala ce ta lalura da fuƙaha'u suka tattauna ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Kaneki na farkon labari, wanda ya gwammace ya galabaita da ya kai naman bakinsa, a kan tsattsauran ra'ayin yake tsaye. Bambancin kawai shi ne lalurar malamai ta kwana ɗaya ce a cikin sahara, tasa kuwa ta dukan rayuwa ce.

Labarin bai bar shi a nan ba. Mahaifiyarsa ta rene shi a kan cewa gara a cuce ka da ka cuci wani, ita kuma aiki ya kashe ta saboda ta kasa ce wa 'yar'uwarta a'a. Da wani gul mai suna Yamori ya kama shi yana azabtar da shi, yana sa shi ƙirga daga 1000 zuwa ƙasa bakwai-bakwai don kada hankalinsa ya gushe, sai wannan tarbiyya ta karye. Gashinsa ya yi fari, ya karɓi yunwarsa, ya ci wanda ya azabtar da shi. Yawancin hotunan Kaneki da ke yawo a wayoyinmu na wannan lokacin ne, mai farin gashi da takunkumin baki. Amma Ishida bai nuna shi a matsayin nasara ba. Daga nan ne Kaneki ya fara rasa mutanen da ya ce don su yake neman ƙarfi.

Yadda ya iso Panshekara

Panshekara gari ne da masana'antu suka raina. Bompai ce ta fara, Sharaɗa ta biyo, sannan Challawa da kamfanonin jima da na saƙa da na robobi, ga kuma tsohuwar matatar ruwan da ke shayar da birni tun zamanin Turawa. Aiki ya jawo mutane daga ƙauyuka da jihohi daban-daban, suka kama haya, suka haifi 'ya'ya. Daga tsakiyar shekarun 1980, da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wuta da kayan waje masu araha, kamfanoni da yawa suka rufe ko suka rage ma'aikata. Mu da muka taso bayan haka mun ga gine-ginen fiye da yadda muka ga aikin.

Zanen Japan ya riga intanet zuwa gidajenmu. Voltron da gidajen talabijin na Nijeriya suka riƙa nunawa asalinsa aikin kamfanin Toei ne na Japan, Amurkawa suka sake masa suna a 1984, mu dai katun muka sani. Wayar salula ta zo a 2001. Bayanta faifan da ake cusa wa kashi hamsin na Naruto ya cika kasuwa, sannan aka koma shagon masu turawa, a ba da 'yan canji a cika maka memori. Yau ta Telegram da Xender abin ke yawo, mutum ɗaya ya sayi data, unguwa guda ta kalla. Mu masu aikin manhaja mun san babu wani kamfani da ya tsara wannan hanya ko ya yi mata talla. Labarin da ya bi ta ya tsira, to masu kallo ne suka ga wani abu a cikinsa. Gwamnatoci ma sun ga wani abu: Sin ta sa shi cikin jerin waɗanda ta hana a 2015, wata kotu a Rasha ta hana wasu shafuka yaɗa shi a 2021.

Ba abin mamaki ba ne matashin da ya gama karatu yana zaune, ana kiransa zuwa hanyoyin da ya san ba su da kyau, ya ga kansa a jikin Kaneki. Har kalmar mun sassauta mata, muna cewa wane mayen ƙwallo ne, wance mayyar karatu ce, mu kanmu mayun anime ne. A bakinmu ta zama wasa. A wasu gidajen kuwa har yanzu tana kisa.

Inda kamar ta ƙare

A nan dole mu raba zare da abawa. A cikin labarin Ishida, yunwar gul gaskiya ce, akwai gawarwaki, akwai shaida. A rayuwarmu kuwa babu wanda ya taɓa kawo kurwa gaban alƙali. Abin da ake da shi shi ne zazzaɓi mai sa sambatu, da mafarki, da tsohuwar gaba. Doka ta san da haka. Kundin hukunta laifuka na Arewa da aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, a sashe na 216, ya mayar da jifan mutum da maita laifi, kamar yadda ya mayar da iƙirarinta laifi.

Duk da haka, a 2023 wasu maza suka tarar da wata tsohuwa mai shekara 67 a gonarta a ƙaramar hukumar Wudil, suka kashe ta. Dalilinsu shi ne matar ɗaya daga cikinsu, wadda ba ta da lafiya, ta yi mafarkin tsohuwar na bin ta da wuƙa. A watan Fabrairu na 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa ta hanyar rataya. Rai ɗaya ya tafi, an yanke wa biyar hukuncin igiya, iyalansu duka sun shiga makoki, duk a kan mafarki.

Wanda ya kalli Tokyo Ghoul da kyau zai tuna da Mado, jami'in CCG da ya kashe wata uwa mai suna Ryouko, wadda ba ta farautar kowa, a kan idon 'yarta Hinami. Mado ba mahaukaci ba ne kawai. Gul ne ya kashe matarsa, yana da 'ya da yake so, kuma ya tabbata a ransa cewa duniya yake tsarkakewa. Shi ma uwar ɗa ce da ba ta manta ba. Labarin ya sa mu zauna da shi, ya sa mu zauna da yarinyar da ya mayar marainiya, ya hana mu sauƙin cewa wancan ne dodo, wannan ne mutum. Idan har a duniyar da dodon yake da gaske mai farauta zai iya rasa mutuntakarsa, ina ga duniyar da dodon zargi ne kawai?

Tarihin da muka biyo ya nuna mana abu biyu. Kakanninmu sun yi zurfin tunani har suka yarda mugun abu zai iya shiga mutum ba da son ransa ba. Malamanmu kuma sun ɗaga darajar ɗan Adam har suka hana taɓa gawarsa ko da yunwa za ta yi kisa. Abin da ya rage shi ne a haɗa biyun a kan mai rai, a kan tsohuwar da ake tsallake ƙofar gidanta, da yarinyar da aka hana aure saboda sunan kakarta. Wayar da ke kawo mana Kaneki ita ce ke kawo mana bidiyon matar da aka tara wa jama'a ana cewa ta saki kurwa, kuma maɓallin turawa ɗaya ne. Mun shafe sa'o'i muna tausayin yaron da aka zana da tawada, wanda ma da gaske yake cin mutane. Matar da ke cikin bidiyon ba ta ci kowa ba, kuma tana da jikoki a unguwar da za a kalle shi.